Azumin da Dalma Ta Kama Yaya

Ruwan safiyar nan bai gama tsanewa a tsakar gida ba sai ga Ummi, jikata ta wajen babban ɗana, ta shigo da buhu a hannu. Gaisuwar ma a tsaye ta yi mini ita, ta wuce bayan madafi ta kamo reshen zogalena ta hau tsiga. Damunar bana ta karɓe shi, ganyen ya yi luf-luf har yana shafar katanga, ni kuwa lallaɓa shi nake yi saboda kwaɗona.

"Ke, wa ya aiko ki?" na ce. "Ko 'yan ajinku za ki yi wa kwaɗo?"

"Aikin makaranta ne, Hajiya. A inuwa za mu shanya shi, mu jiƙa, mu tace ruwan mu ba ɓeraye."

"Ɓeraye. Zogalen nawa."

Ta yi dariya ta ci gaba da abin da take yi. Haɗa magunguna take karantawa a jami'a, kuma in ta fara bayani sai ka roƙe ta ta tsaya. Wai ɓerayen da gangan ake zuba musu dalma a ruwan sha, sannan a bi wasu da ruwan ganye, a bar wasu haka, a ga ko ganyen yana kare musu ƙwaƙwalwa. Tana cewa dalma na ji warin nan ya dawo mini hanci, wari mai zaƙi-zaƙi da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Na jawo kujera na zauna, na bar ta da tsigarta.

A Fagge muke a lokacin, cikin wani lungu da ba ya rabuwa da taɓo in damuna ta sauka. Shekarun nan ne da aka ce kuɗin mai sun shigo ƙasa. Mu dai a gidanmu ba mu ga kuɗin ba, hayaniyarsu kawai muka ji. Baba malamin firamare ne. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, amma kafin ya iso gida da shi 'yan kasuwa sun riga shi jin labari. Gero bai sauko ba tun farin da aka yi, sukari da kananzir sai an bi layi, wani lokaci ka kai gaba a ce ya ƙare. Abin da ya yi yawa shi ne mota. In Baba ya riƙo hannuna za mu tsallaka titi wajen Bata, sai mun gaji da tsayuwa.

Mu biyu Inna ta raya, na tsakaninmu duk sun koma tun suna goye. Yaya Auwalu shi ne ɗan fari, ya ba ni kusan shekara goma, sai ni Rabi, auta. Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Yana zaune a tsakar gida za ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa wancan ruwan wankansa zai huce." Ko wani Auwalun aka ambata, mai kayan miya ko ɗan maƙwabta, sai ta ce "mai sunan wancan". Ɗakinsa, shagon da ke ƙofar gida, ƙafarta ba ta taɓa taka shi ba.

Ni kuwa daga asuba zuwa magariba ba ka jin komai sai Rabi, Rabi. Cinyarta tawa ce, ƙanzon shinkafa nawa ne, kitson Juma'a ba ya wuce ni. Ta saya mini akuya na sa mata suna Kyalla, ta riƙe hannuna muka kafa reshen zogale a bayan rijiya, ta ce wannan na Rabi ne, kada wanda ya taɓa. Na tashi da yaƙinin ni kaɗai Inna ta haifa, Yaya kuwa wani ɗan haya ne mai kirki da ke kwana a ƙofar gidanmu.

A Sabon Gari yake aiki, wurin wani Bayarabe mai gyaran batirin mota. Na sha kai masa saƙon Baba, don haka na san wurin. Rumfa ce ta kwano, baƙi ƙirin. Su fasa tsohon batir da guduma, su zaro dalmar ciki, su narka ta a kaskon ƙarfe kan gawayi, su kwashe dattin da ya taso, sannan su zuba ta a ma'auni su fitar da sabon kan batir. In ta narke tana ƙyalli har sai ka ji kamar ka sa yatsa. Rigunan Yaya duk huji ne saboda ruwan batir, kuma da hannun nan nasa mai toka-toka yake yagar gurasa ya kai baki. Maigidan nasu kan raba musu madarar gwangwani da tsakar rana, wai tana wanke hayaƙi daga ciki. Sau da yawa Yaya ba ya sha, aljihu yake sa ta ya kawo mini, ni kuma in huda ta da ƙusa in zuƙe a bayan ɗaki.

Azumin shekarar a tsakiyar damuna ya zo, kuma shi ne na farko da na ɗaura niyyar kaiwa ƙarshe. Ina da shekara goma sha uku ko kusa da haka. Inna ta sayi atamfa ta sa a ƙasan adaka, ta ce in ban sha ko ɗaya ba ita ce kayan sallata. Ba azumin ƙishirwa ba ne, na yunwa ne. Gari ya yi lumshi, iska mai laima ta riƙa ratsa mutum, ciki ya yi ta kuka tun hantsi. Itace jiƙaƙƙe, sai Inna ta durƙusa tana hura wuta har idonta ya yi ja kafin ya kama. Da sassafe mu kwashe ruwan da ya kwana a tsakar gida, mu jera kwanoni a inda soro ke yoyo. Bayan azahar a surfa wake, in kai niƙa ina tsallake kwatar da ta cika ta batse, in dawo a jiƙa tsamiya a dama kunu. Kafin la'asar sakaliya ƙamshin ƙosai ya cika lungu, kowane gida kasko na ƙara, ni kuma ina zaune ina kallon hadari, ina jin haushin rana da ta ɓuya ba za a san inda ta kai ba.

Tun kafin azumin Yaya ya fara canjawa, amma ba wanda ya lura. Mutumin da ba ya faɗa ya koma mai saurin fushi. A aike shi abu biyu ya dawo da ɗaya. Ya riƙa dafe ciki yana cije leɓe. Wa zai lura? Baba yana makaranta, ni hankalina yana kan akuyata, Inna kuwa ba ta kallon fuskarsa. Da azumi ya kama, madarar tsakar rana ta tsaya, ya riƙa wuni a kan hayaƙin nan da ciki wayam, ga aiki ya ninka saboda direbobi suna shirin zirga-zirgar salla.

Ran nan ana shan ruwa na miƙa masa kofin kunu, ya karɓa, kofin ya suɓuce ya faɗi. Ya sake miƙa hannu ya ɗauka, hannun ya lanƙwashe daga wuya ya yi laƙwas, yatsun suka ƙi kamawa. Na kwashe da dariya. Inna tana bakin murhu, bayanta ta ba mu, amma na ga ludayin hannunta ya tsaya cak.

"Rabi," ta ce, ba ta juyo ba, "je ki kira mini Ya Falmata."

Ya Falmata maƙwabciyarmu ce, tsohuwa Babarbariya da aka kawo Fagge tun tana amarya. Turaren wuta take sayarwa da saiwoyi. Mijinta marigayi maƙerin farin ƙarfe ne, masu yin awarwaro da zobe. Ta shigo tana ɗingishi, ta kama haɓar Yaya ba ko sallama, ta ɗaga leɓensa ta karkata shi wajen fitila. Har ni na leƙa. A gindin haƙoransa, jikin dasashi, akwai wani siririn zare baƙi-baƙi.

"Dalma ce," ta ce. "Haka ta yi wa mai gidana. Ciki take fara kamawa, ta bi hannu, in an ƙyale ta sai ta hau kai. In ta hau kai kuwa, Hajara, ko ya tashi ba lalle ne shi ne zai tashi ba." Ta juya wajen Inna. "Ke ba kya duban ɗanki ne? Wannan ai ya yi watanni."

Inna ta sunkuyar da kai.

Ya Falmata ta ce ya bar rumfar nan, sannan ta lissafa abin da za a riƙa ba shi: ganyen zogale ɗanye a daka a tace, a sa tafarnuwa da gangamau da ruwan tsamiya, a bi shi da madara mai ɗumi, da shan ruwa da sahur. Yaya ya ce zai sha magani, amma aiki sai bayan salla, ba zai gudu ya bar maigidansa a tsakiyar kasuwa ba. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, washegari dai Yaya ya sa rigarsa mai huji ya fita.

Daga ranar gidan ya juye, kuma a kaina ya juye. Da gari ya waye na tarar da Inna a gindin zogalena, ta tsige shi har inda hannunta ya kai.

"Inna, nawa ne fa."

"Ɗauko turmi."

Shi ke nan amsar da na samu. Da yamma ta kama Kyalla ta tatse ta tas, ɗan akuyan yana ta kuka a turke. Madarar da nake sa wa a kununa ta koma ƙoƙon Yaya. Ƙwan da kazarmu ta yi, na Yaya. Baba ya samo 'yar hanta a kasuwar Sabon Gari, aka gasa, ƙamshi ya ishe ni ina azumi, da aka sha ruwa ko yanki ban gani ba. Abin da ya fi ci mini rai, ni ce mai dakan, ni ce mai tacewa, ni ce kuma mai kaiwa, tunda ita ba za ta miƙa masa ba. Sai ta tsaya a bayan ƙyaure tana leƙe, in na dawo ta tare ni da raɗa.

"Ya sha?"

"Ya sha."

"Duka? Nuna mini ƙoƙon."

Juma'a ta zo ta wuce ba a yi mini kitso ba. Na zauna a gabanta da mataji, na tsefe kaina da gangan, ta dube ni kamar ba ta san abin da nake nufi ba, ta ce in tashi in duba ko tsamiya ta jiƙu. Wallahi na ji kishi, kishi mai zafi. Ba ciwon Yaya ne ya dame ni ba, a lokacin ban san girmansa ba. Abin da ya dame ni shi ne na gano matar nan ta iya wani irin so da ban taɓa gani ba, kuma ba ni ta ajiye wa shi ba. Na cika na yi fam, na riƙa buga taɓarya kamar turmin ne ya yi mini laifi. Har na ce mata, "To ni ma bari in je in sha dalmar." Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta sauke, ta ce in yi istigfari.

Azumi ya raba tsakiya sai ga motar Bayaraben nan a bakin lungu, da rana tsaka, ana yayyafi. A rumfa Yaya ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, sun kai shi asibiti, an zo ɗaukar Baba. Inna tana tsaye da rariya a hannu. Ta bi su har zaure, ta tsaya a nan, don ba a ce ta zo ba, ita kuma ba za ta buɗe baki ta ce za ta bi ɗan fari ba. Kwanakin da ya yi a can, Baba ne ke jinya. In ya dawo ɗaukar abinci ba ta tambayarsa kai tsaye, sai ta ce, "Malam, ya mutanen asibitin?" Kullum kuma sai ta sa na daka ganyen nan an tafi da shi a kwalba, ko da Baba ya gaya mata likita allura yake yi, bai yarda a ba shi wani magani daga gida ba. Zogalena ya koma sanda tsirara. Muka shiga bin gidajen maƙwabta roƙon ganye, ni ce a gaba da kwarya cikin taɓo.

Aka sallamo shi ana saura kwanaki salla. Likita ya ce sun fitar da abin da za su iya, gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa, saura a ba shi abinci a jira ikon Allah, kuma ko kusa da rumfar nan kada ya sake zuwa. Wanda aka shigo da shi shagon ƙofar gida jikin Yaya ne, amma ba ya ciki. Ido buɗe yana kallon azara. Baba ya yi masa magana, shiru. Na ce, "Yaya, ni ce Rabi," ya dube ni kamar yadda ake duban bango. Ya datse haƙora gam, ko ruwa aka kai bakinsa sai ya bi gefen wuya ya zube. A nan tsoro ya fara shigata, amma ko da tsoron kishin bai tafi ba, tare suka zauna.

Wuni biyu haka. A na ukun hadari ya haɗo tun la'asar, gari ya yi duhu kafin lokacinsa, aka kece da ruwa. Indararo na zuba, tsakar gida ta zama tafki. Ya Falmata tana shagon da ƙoƙon magani, ta gwada, Baba ya gwada, na gwada. Leɓensa ya bushe har ya tsage. Inna tana zaure a tsaye, jikin ƙofar shagon, inda ta saba tsayawa.

Ya Falmata ta ajiye ƙoƙon ta fito ta same ta.

"Hajara, shiga ki kira shi."

"Ya Falmata, ai Malam yana ciki."

"Na ga Malam. Ke nake wa magana. Yaron nan ya yi nisa, muryoyinmu duk ya saba da su, ba za su juyo da shi ba. Shiga ki kira shi da sunan da aka raɗa masa. In kunya ce, ki ajiye ta a nan bakin ƙofa, in kin fito kya ɗauka."

Baba ya tashi ya fita zaure ya ba da baya. Ni ban fita ba, kuma ba wanda ya tuna ya kore ni. Inna ta cire takalmi ta shiga, tana taka ɗakin a hankali kamar baƙuwa. Ta durƙusa a gefen katifar. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, ina jin tun yana jariri ba ta yi masa irin wannan kallon ba. Ta sa hannu ta tallafo kansa ta ɗora a cinyarta, cinyar nan tawa. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Ta sake.

"Auwalu."

A hankali ta faɗa, ruwan sama ma ya kusa danne shi. Sunan ya fito mata wani iri, kamar ba ta san inda ake kama shi ba.

"Auwalu. Ni ce. Buɗe bakinka ka sha."

Idonsa ya bar azara. Ya yi ta yawo a ɗakin kafin ya sauka a kanta. Muka ji wani abu daga maƙogwaronsa, can ƙasa, a shaƙe.

"Na'am."

Ta kai ƙoƙon, ya sha. Rabi ya zube a zaninta, rabi ya shiga. Ya Falmata ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala, Baba yana zaure yana share fuska da hannun riga. Aka kira salla a masallacin lungu, ba wanda ya motsa. Ina tsaye a bakin ƙofa, zanina sharkaf, dabino a hannuna. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma abin da ke cina a tsaye a wurin shi ne, matar nan ta kira sunana ya fi a ƙirga, a kira ni ɗauko tsintsiya, a kira ni cin tuwo, ba ta taɓa kirana da wannan muryar ba. Ranar ba ta ma tuna ta ce Rabi sha ruwa ba, ni na sa dabinon a baki da kaina.

Sallar nan da tsohuwar atamfa na yi ta, sabuwar tana ƙasan adaka ba a kai wa tela ba, ko da yake ban sha azumi ko ɗaya ba. Yaya ya tashi a hankali, sai da kaka ta yi kafin ya fara fita. Hannun dama bai koma daidai ba har ya bar duniya, kuma lissafi ya riƙa kufce masa, shi ya sa da ya buɗe 'yar tireda a bakin kasuwar Singa matarsa ce ke riƙe ciniki. Amma shi ne ya tashi, da dariyarsa da komai. Inna kuwa tana fitowa daga shagon ta ɗauki kunyarta a inda ta ajiye. Washegari na ji ta tana cewa, "A kai wa wancan kununsa." Ba ta sake faɗin sunan ba har ta rasu. Shi kuma har ya tsufa, in muna hira ya ga ina taƙama da cewa ni ce 'yar gaban goshin Inna, sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai an kira ki da yawa." Ba ya ƙarawa, ya san ya gama da ni.

Ummi ta cika buhunta ta zo ta tsuguna a gabana, na ba ta labarin a taƙaice. Ita abin da ya dame ta daban.

"To Hajiya, ganyen ne ya yi aiki ko allurar?"

"Oho. Likita ya ce allurarsa ce, Ya Falmata ta ce ganyenta ne, sun mutu ba su shirya ba. Ke da ɓerayenki sai ku raba musu gardama. Ni dai na san ba a buɗe bakin nan da ludayi ba."

Ta ɗan yi wasa da bakin buhu. Can ta ɗago.

"Ni fa ban taɓa jin kin faɗi sunan Abbana ba. Kullum sai dai ki ce babanku."

"Ba ki ji ba kam."

"Yanzu ai an daina wannan, Hajiya. Ki kira shi mana, ko sau ɗaya, ya ji daɗi."

Na ce ta ɗauki buhunta ta tafi kafin hadarin can ya sauko, kuma in ta sake tsige mini reshen ƙasa sai na saɓa mata. Ta kai zaure tana dariya, ta juyo tana jiran amsa.

"Lafiyarsa ƙalau," na ce. "Ajiye masa sunan nake yi."